Daba Da Dandali: Kowane Gari Da Samarinsa

'Yan'uwana mata, akwai wata magana da ta zame mana kamar gishiri, ba a miyar hira sai da ita. Ko a gidan biki, ko gidan suna, ko a layin awo, da zarar an ce jiya an sari wani yaro a lungu kaza, ko an ƙwace wa wata wayarta a cikin adaidaita sahu, sai ki ji wata ta tafa hannu ta ce, "Ai baƙi ne suka ɓata mana gari, mu da can ina muka san wannan?" Sauran kuma su amsa da cewa wallahi haka ne. Ni dai maganar nan ba ta taɓa kwanta mini ba, shi ya sa na ga ya kamata mu bi ta tun daga tushe, domin wadda ba ta san inda ƙurji yake ba sai ta yi ta shafa magani a lafiyayyar fata.

Mu fara da su baƙin da ake ɗora wa laifi. Wai shin a Kano wane ne baƙo? Ki shiga cikin birni ki saurari sunayen unguwanni kawai, za su ba ki labari da bakinsu. Ga Tudun Nufawa, ga Zangon Barebari, ga Agadasawa, ga Dandalin Turawa inda Larabawa fatake suka zauna, ga Ayagi ta Yarbawa waɗanda suka kafa gidajensu tun Bature bai yi mafarkin zuwa ba. Wangarawa sun iso daga ƙasar Mali a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Kasuwar Kurmi kuwa Sarki Muhammadu Rumfa ne ya kafa ta, shi da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma ba don Kanawa su sayar wa junansu ya kafa ta ba, sai don mai raƙumi daga arewa ya haɗu da mai goro daga kudu. Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka yanka Sabon Gari wajen 1913 don ma'aikatan da suka biyo jirgin daga kudu, a 1914 kuma aka ɗaura wa Arewa da Kudu aure aka ce sun zama Nijeriya. Ƙasar da ke da harsuna fiye da 500 ke nan aka zuba a tukunya guda.

Ki duba ɗakinki ma, uwargida. Gurasar da muke tutiya da ita a Kano Larabawa ne suka zo da ita. Turaren wuta da humra da dilka, waɗanda in babu su yanzu sai a ce ba a gyara amarya ba, daga Barno da wajen Sudan suka biyo, haka lafaya. Anko da ashoke da ɗaurin gwaggwaro na Yarbawa ne, har kalmar agogo ma a bakinsu muka tsinta. Fura da nono kuwa ai sai da Bafulatana ta sauke ƙwaryarta kafin ta haɗu. Duk waɗannan mun karɓa hannu bibbiyu mun ce al'adarmu ce, babu wadda ta ce a mayar wa masu shi. Sai in abu ya ɓaci ne muke tuna cewa akwai baƙi a gari.

Mu kanmu da muke kiran kanmu Hausawa ba bakinmu ɗaya ba. Basakkwace zai ce "shina zuwa", Bakano ya ce "yana zuwa". Mutumin Katsina ko Gobir ya ce "hwari", mu mu ce "fari", ya ce "ɗiyata", mu mu ce "'yata". Bazazzagi kuwa ba ruwansa da raba mace da namiji a magana, sai ki ji ya ce "rigana", har yaran Kano su fashe da dariya. To amma kakanninmu sun san cewa bambancin nan in an bar shi haka zai iya zama wuƙa, sai suka mayar da shi wasa. Bakano da Bazazzagi, Bakatsine da Banufe, Bagobiri da Bayarabe, Bafulatani da Babarbare, Bafulatani da mutumin Tibi, kowa zai gaya wa ɗan'uwansa magana mai zafi, ya ce kai bawana ne, a yi dariya a tashi. Da yawa daga cikin wasannin nan in kin tona za ki tarar a da yaƙi aka yi ko zaman doya da manja, daga baya aka binne gabar a cikin barkwanci. Ni a ganina babu dabarar zaman tare da ta kai wannan, ga shi kuwa yaran yanzu da yawa ba su ma san wane ne abokin wasansu ba.

Yanzu mu zo kan samari. Babu wata al'umma a ƙasar nan da ta taɓa sakin samarinta sakaka kamar awakin talla, kowacce tana da inda take tara su. A ƙauyukanmu akwai sarkin samari, akwai shugabar 'yan mata, kuma ba sarautar wasa ba ce zalla. In za a yi gayya a gonar wani dattijo, ko za a yi wa wani saurayi taimakon noman gidan surukai, ko gyaran hanya da yashe rijiya, sarkin samari ake kira, shi kuma ya tara mutanensa. In kaka ta yi, amfani ya shiga rumbu, sai a yi kalankuwa, samari su naɗa sarkinsu da alƙalinsu da dogaransu, bayan zuwan Bature ma har da Gwamna da Joji, su yi ta shari'ar wasa ana cin tara ana raha. Ashe koyon mulki suke yi tun da ƙuruciya, manya na gefe suna kallo. Manoma suna da kokawa. Mahauta suna da dambe, wanda ya fito da irin su Shago da makaɗinsa Ɗan Anace, har yau kuma in kin ji labarin gidan dambe za ki ji ana cewa wane daga Kudu, wane daga Arewa, wane Guramaɗa, kowane ɗan dambe da ɓangaren da yake kare wa suna. Fulani suna da sharo, inda saurayi zai tsaya ƙirji a buɗe, riƙe da madubi, a tsula masa tsumagiya ya yi murmushi don kada 'yan mata su ga gazawarsa.

Can kudu ma haka ne. Inyamurai suna haɗa duk yaran da aka haifa cikin 'yan shekaru kusa da juna su zama tsara guda, su ke share kasuwa, su ke gadin gari, in sun girma su tara kuɗi su gina wa garinsu makaranta ko ɗakin taro. Yarbawan Ijebu suna da irin wannan, kuma kwana uku bayan Babbar Sallah kowace tsara kan ci ado iri ɗaya ta je gaishe da sarkinsu Awujale a bikin da suke kira Ojude Oba, har da hawan dawaki. In kin gani a talabijin sai ki rantse wani reshe ne na hawan Sallarmu.

Daba kuwa, wadda ita ce ta sa na ɗauki alƙalami, asalinta ba zagi ba ne. Daba wurin zaman mafarauta ne, inda suke haɗuwa su ɗaure karnukansu, su gyara makamansu, su shirya fita. Da rani, in an gama aikin gona, mai unguwa ya sani, sarkin dawa ya sani, a sa rana, a buga gangi, kowace unguwa ta fito da dabarta a nufi daji. Akwai gora, akwai adda, akwai barandami, akwai 'yan tauri masu shan maganin ƙarfe suna gwada wuƙa a jikinsu suna kirari, irin mazan da Kassu Zurmi ya yi suna wajen yi wa kiɗa. Kada ki ɗauka waliyyai ne. Tun a wancan zamani akan yi faɗa a kan nama, karen wannan daba ya kama zomo, 'yan waccan daba su ce nasu ne ya tayar, a fasa wa juna kai, a dawo gida da gaba har wata shekara. Sai dai abin yana da iyaka. A daji ake yinsa, da rani ake yinsa, tsakanin maza masu makami ake yinsa, kuma kowace daba tana da babba wanda in ya ce a tsaya an tsaya. Wanda ya ɗaga wa mace makami ko ya tare ɗan aike a lungu, ai ya zubar da mutuncin dabarsu ke nan, su da kansu za su hukunta shi. Sannan in damina ta faɗi kowa ya koma gonarsa ko sana'ar gidansu, karofi ko ƙira ko dukanci ko fawa.

To yaya aka yi daba ta baro daji ta shigo lungu? Siyasa ce ta buɗe mata ƙofa, kuma siyasar gida. A ranar 8 ga Agusta 1950 aka kafa NEPU a Kano, jam'iyyar da Malam Aminu Kano ya jagoranta, ta talakawa masu neman sawaba. A ɗaya ɓangaren ga NPC, jam'iyyar Sardauna, wadda sarakuna da 'yan doka da alƙalai ke bayanta. A watan Mayu na 1953 aka yi tarzoma a Kano tsakanin mutanen birni da Fagge da na Sabon Gari a kan maganar ranar samun mulkin kai, mutum 36 suka mutu a ƙidayar gwamnati. A nan ne masu neman mulki suka ga abin da taron samari masu gora zai iya yi cikin kwana huɗu. Ba a daɗe ba sai ga wata ƙungiya wai ita Jam'iyyar Mahaukata, aikinta tarwatsa taron 'yan NEPU da dukan duk wanda aka sani ɗan sawaba ne. Su ma 'yan NEPU ba su naɗe hannu ba, suna da Rundunar Samarin Sawaba, suka kuma tanadi ƙarti masu tsare musu taro. Daga nan aka sami 'yan banga. Ina za a samo saurayin da ba ya tsoron jini, wanda ya iya riƙe gora, yana da abokai masu bin umarninsa? Ai sai a daba.

Kada mu mata mu ce ba da mu aka yi ba. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda aka haifa a 1933 ta rasu a 2001, ta sha duka a hannun 'yan banga, ta sha ɗauri har ana cewa sau 16, duk a kan neman a ba matan Arewa 'yancin jefa ƙuri'a da hana aurar da yara ƙanana. Mahaifinta mutumin Gana ne, mahaifiyarta Banufiya. Da a yau ne, da wata ta taɓe baki ta ce ai baƙuwa ce. Masu dukanta kuwa 'yan gari ne gaba da baya.

Soja suka karɓi mulki a 1966, siyasa ta kwanta, aka shiga yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Da aka dawo siyasa a 1979 sai abin ya dawo da ƙarfin da ya fi na da, domin yanzu akwai kuɗin man fetur. PRP ta ci Kano, Abubakar Rimi ya zama gwamna, ba a je ko'ina ba jam'iyyar ta dare biyu, ga 'yan Santsi na Rimi ga 'yan Taɓo na Malam, ga kuma NPN a gefe, kowa da samarinsa, kowa da motar da ke kwasarsu. A watan Disamba na 1980 aka yi rikicin Maitatsine a 'Yan Awaki, inda hukuma ta ƙirga gawa 4,177. Na san a nan wata za ta ce to ga shi, ai Muhammadu Marwa daga Kamaru ya zo. Gaskiya ne. Amma ki tambayi waɗanda suka ga abin, 'yan tauri da 'yan daba sun fito sun taya jami'an tsaro yaƙar mutanensa, aka yi ta sa musu albarka, daga nan suka ƙara samun gindin zama, har manya suka fara ganin ai ajiye irinsu yana da rana. Wata bakwai bayan haka, ranar 10 ga Yuli 1981, bayan gwamnati ta aika wa Sarki Ado Bayero takardar tuhuma, gungun masu makamai suka bazu a gari suka ƙone gidan rediyo da wasu gine-ginen gwamnati, suka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa, a gidansa. Da rana tsaka aka yi, kuma ba daga Sabon Gari suka fito ba.

Abin da ɗan siyasa bai taɓa tunani ba shi ne, yaron da ka koya wa karɓar kuɗi don ya sari mutum, ina zai je in an gama zaɓe? Soja suka sake dawowa a daren ƙarshe na 1983, iyayen gida wasu na kurkuku wasu sun tsere, aka bar samari da makami da shaye-shaye babu mai ba su na cefane. A shekarun nan ne aka yi 'yan ɗaukar amarya, waɗanda iyayenmu har yau in sun tuna sai sun yi salati. Yarinya ta fita aike da magariba ko tana dawowa daga gidan biki, a sure ta a tafi da ita kango, a ɓata mata rayuwa, iyaye kuma su rufe bakinsu don gudun abin kunya. Wannan ko a tatsuniya mafarautan da ba su san shi ba.

Ana cikin haka sai ga tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida a 1986. Dalar da a 1985 ba ta kai naira 1 ba, kafin ƙarshen 1987 ta kai wajen naira 4, daga nan kuwa ba ta sake waiwayowa ba. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, waɗanda da in an tashi aiki sai kekuna sun cika titi, suka dinga rufewa ɗaya bayan ɗaya. A Kaduna masaƙar KTL da aka buɗe tun 1957 ta tsaya a 2002, Kakuri ta zama kufai. Uba ba ya da aiki, gonar gado an yanka ta fulotai an sayar, sana'ar gida kayan waje sun kashe ta. Da ɗan daba damina ce ke raba shi da daba, yanzu babu gonar da za ta kira shi, sai ya zauna a dabar shekara zagaye.

Mu kuma 'yan mata namu wurin shi ne dandali. Da farin wata, bayan an ci tuwo, a ɗauki faifan talla a fita, zabiya ta bayar 'yan amshi su karɓa, a yi gaɗa har ƙafa ta gaji, samari na gefe, tsofaffi na zaure suna jin komai. A can yarinya ke koyon habaici da azanci, a can take sanin wa ke sonta ba tare da an ɓuya ba. Abubuwa da yawa ne suka haɗu suka kashe dandali. Makarantar boko ta kowa da kowa da aka buɗe a 1976 ta sa dole a kwanta da wuri, Islamiyyar dare ta ɗauki wasu, talabijin da bidiyo suka zaunar da wasu a ɗaki, filayen unguwa aka gine su da shaguna, sannan tsoron 'yan ɗaukar amarya ya sa iyaye suka ja ƙofa suka sa sakata. Hirar da aka hana mu yi a fili sai ta koma cikin takarda. Littattafan soyayya da suka cika kasuwa daga ƙarshen shekarun 1980, ana haya ana karɓa-karɓa daga wannan gida zuwa wancan, su ne suka zama sabon dandali, daga baya fim ya biyo, wanda aka fara da Turmin Danya a 1990, yanzu kuma waya ta haɗiye duka. Kowanne da ya zo sai an ce shi ya ɓata tarbiyya. Abin dariya, yau 'yar birnin da ba ta taɓa ganin dandali ba, in za ta yi aure sai ta ware rana guda ta ƙauyawa, ta kama wurin taro da kuɗi mai yawa, a ɗaura saƙi a ɗauki ƙwarya a yi hoto.

Wani abin da ya ƙara dagula lissafin baƙo da ɗan gari shi ne yankan jihohi. A 1967 aka yi 12, a 1976 suka zama 19, a 1987 aka cire Katsina daga Kaduna, a 1991 aka cire Jigawa daga Kano, a 1996 aka yi su Zamfara da Gombe suka cika 36. Kowane yanka da murnarsa, amma kowane yanka sai ya haifi sababbin baƙi. Mutumin Haɗeja ko Gumel da ya yi shekara 30 yana aiki a Kano, ya haifi 'ya'yansa a nan, ya kwanta ɗan jiha ya tashi an ce ya tattara ya koma tasu. Yaro ya je neman makaranta ko aikin soja a ce ina takardarka ta ɗan asalin ƙaramar hukuma, alhali garin da ake tura shi ko hanyarsa bai sani ba. Kuma kowace sabuwar jiha da kujerar gwamnanta da ta 'yan majalisa, wato sababbin masu neman samari.

Shi ya sa da aka dawo mulkin farar hula a 1999 sai kowane gari ya fito da nasa, suna ne kawai ya bambanta. A Gombe 'yan Kalare, waɗanda aka ce sunan wani mafarauci suka gada, suka yi ƙaurin suna daga zaɓen 2003. A Bauci da Jos 'yan Sara-suka, sunan ma kaɗai ya ishe ki. A Katsina ƙauraye, a Kaduna 'yan shara, a Yola 'yan Shila, ƙananan yara masu fizgar waya. A Maiduguri har akwai waɗanda suka ari sunan ECOMOG, rundunar da aka tura Laberiya kwantar da tarzoma a 1990. A kudu an kafa OPC a ƙasar Yarbawa a 1994 saboda fushin soke zaɓen 12 ga Yuni 1993. A Aba masu ɗinkin takalma ne suka gaji da 'yan fashi suka kafa 'yan Bakassi a 1998, aka yi ta yi musu tafi, kafin a ankara sun koma yanka mutane a bainar jama'a babu shari'a, sai da gwamnatin tarayya ta murƙushe su a 2002. Ki lura, kusan duk da sunan kare gari ko kare wani babba suka fara.

Ƙwaya kuma ta zo ta ƙarasa abin da ya rage. Daga wiwi da sholisho aka koma Tramadol da maganin tari mai kodin, wanda sai a watan Mayu na 2018 gwamnati ta hana yinsa da shigo da shi bayan BBC ta fallasa yadda ake safararsa. A wannan karon ba za mu nuna samari da yatsa mu kaɗai ba, don kowa ya san kwalaben nan sun shiga ɗakunan matan aure, an sha su a gidan biki an ɓoye su a cikin kwalla. Akwai kuma uwar da ta san sarai ɗanta ba ya sana'a, amma ya kawo mata waya mai tsada ta karɓa ta sa masa albarka, in 'yan sanda sun zo ta tura wuƙarsa ƙarƙashin gado ta rantse yana ɗaki tun isha'i. Ba na cewa abu ne mai sauƙi uwa ta miƙa ɗanta, Allah kada ya jarrabe mu. Amma ita ce gobe za ki gani a gidan suna tana cewa baƙi sun ɓata gari.

Su kuwa mafarauta na ainihi ba su ƙare ba, kuma sun nuna bambancinsu. A 2013 samarin Maiduguri suka ɗauki sanduna suka ce sun gaji, aka sami 'yan kato da gora da suka taimaka aka fatattaki Boko Haram daga cikin gari. A ƙarshen 2014 mafarautan Adamawa da bindigoginsu na toka suna cikin waɗanda suka taya soja ƙwato Mubi. Har mace an samu a cikinsu, A'isha Bakari Gombi, wadda ta gaji farauta a gidansu, tana gaba maza na bin ta cikin daji.

Gwamnatin Gowon ta kafa bautar ƙasa a ranar 22 ga Mayu 1973 don ɗan Kalaba ya zo Sakkwato, ɗan Katsina ya je Inugu, a san juna kada a sake yaƙi. An sami aure da zumunci ta wannan hanya, ba a musu. Amma wanda ya gama jami'a ko babbar kwalejin fasaha ne kawai ke zuwa, yaron lungu kuwa bai san komai game da yaron lungun wani gari ba sai abin da aka gaya masa na tsoro. A watan Afrilu na 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, samari suka kashe masu bautar ƙasa 10 a jihar Bauci, yaran mutane da aka turo aikin zaɓe, ba su tsaya takara ba, ba su san kowa ba. A ƙarshen watan Maris na 2025 kuma, ana cikin azumi, wasu mafarauta suka taso daga wajen Fatakwal a bayan babbar mota za su zo gida Sallah. A garin Uromi na jihar Edo 'yan sintirin gari suka tare motar. Mutanen yankin sun daɗe suna kuka da masu satar mutane, da suka ga bindigogin toka da karnuka sai aka yi ihu an kama su, babu wanda ya tsaya ya ji cewa a ƙasar Hausa farauta sana'a ce mai sarki da tsari. Aka kashe mutum 16, aka cinna musu wuta. Da yawansu mutanen Torankawa ne a ƙaramar hukumar Bunkure ta jihar Kano. Gwamnan Edo ya zo har Kano ya yi ta'aziyya, matansu kuwa a cikin takaba suka yi Sallar.